Wanda Ya Ci a Filin Sukuwar Bawku

Duk wanda ya taɓa shiga mota a tashar Salaga a shekarun nan ya san Baba Sumani, bukman ɗin da ke rubuta sunayen fasinja a gindin darbejiya, kuma ya san ba a rabuwa da shi da tikiti kawai. Sai ya ji inda za ka, sannan ya gaya maka abin da za ka ci idan ka isa, ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba. Mutum ne mai faɗin ciki da siraran ƙafafu, wanda bai taɓa manta miyar da ta yi masa daɗi ba, bai kuma taɓa yafe wa wadda ta ɓata masa rai ba.

"Bimbila za ka? Kada ka kula mai doyar bakin tasha, man suyarta ya ga shugabannin ƙasa uku. Ka zagaya bayan masallaci ka nemi Abibatu gajeriya."

Idan Yendi ne, wasawasar garin doya ta Salimatu ce, kusa da masaƙa, amma a je kafin azahar, domin bayan azahar babu abin da ke saura sai tukunya da ban haƙuri. Gushegu fura, Garu gasasshen zabo. Direbobi sukan ce da za a ba Baba Sumani aikin zana taswirar ƙasar nan, da ba za a ga kogi ko dutse a cikinta ba, sai tukwane.

To amma idan fasinja ya ce Bawku, sai Baba Sumani ya ajiye biro, ya cire tabarau, mota kuwa ta yi ta jira.

"Ka nemi filin sukuwa," zai ce. "A kwanar ƙarshe, kafin sandar da ake tsayawa, akwai rumfar wata mata Lamisi. Tuwon zafi take yi, miyar ayoyo ko busasshiyar kuɓewa. Daddawarta da kanta take yi. Idan ka ci ba ka lashe yatsa ba, ka dawo ka karɓi biron nan ka zama bukman."

Daga tuwo sai sukuwa. Shekara ɗaya ce bayan samun 'yancin kai, washegarin babbar salla, lokacin da fatake da mahautan zangon Bawku ke fito da dawakansu a gwada. Jar ƙasa ce shimfiɗe a bayan gari, da ɗorawa uku a tsakiya, mata a kan tudu, masu rake da masu kalangu a gefe, da wani tsohon soja mai usur wanda ba ya busawa sai ya ga kowa ya ƙosa. Dawaki goma sha ɗaya suka jeru. Alhaji Zuberu mai shanu yana da wani akawali da ya sayo daga ƙasar Gurma, baƙi wuluk, ana ce masa Tangarahu saboda sauri, kuma Sumani ne a kansa, yana ɗan shekara ashirin da biyu, siriri kamar karan dawa. A nan fasinja sukan saci kallon cikinsa, shi kuwa ba ya kula su.

"Zagaye biyu ne," zai ce, muryarsa tana sauka. "Na farko na bar su suka yi ta haki. Na biyu na sakar masa linzami. Muka shawo kwanar ƙarshe ina gaba da tsawon doki uku."

Sai ya buɗe tafukansa, ya mayar da tabarau.

"Sauran kuwa, kun sani."

Nan yake tsayawa kullum, kuma yana da dalili. Wata biyu kafin sallar nan, Sumani yakan fitar da Tangarahu da hantsi ya zaga filin da shi sau biyu. A zagaye na biyu, da sun kai kwanar ƙarshe, sai ya karya linzami zuwa rumfar Lamisi, ya sauka ya ci malmala biyu, Lamisi ta ba dokin ƙanzo da ruwan tsari. Wata biyu cur ba fashi. Ranar sukuwa, a gaban dukkan Bawku, yana gaba da tsawon doki uku ɗin nan, Tangarahu ya yi abin da aka koya masa. Ya bar hanya a guje, ya kafe ƙafafunsa huɗu a ƙofar rumfa, Sumani ya wuce ta saman kunnuwansa ya sauka da ƙirji a tsakanin tukwane. Allah ya taimake shi miyar ta fara hucewa. Lamisi tana tsaye da ludayi a hannu, ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce, "Sumani, ka iso? Ayoyo ko kuɓewa?"

Bai amsa ba. Dariyar da ta tashi daga tudun mata har yau yakan ji ta idan murfin tukunya ya faɗi. Kafin magariba ya hau motar shanu mai zuwa kudu, da yauƙin miya a wuyan rigarsa, bai sake taka Bawku ba. Salaga ma ba zaɓarta ya yi ba, a nan motar ta lalace.

Wannan duk da sauƙi. Abin da ya tsaya masa a rai ya faru ne shekara biyu bayan haka, a zauren Malam Yusif, ranar da ya je neman auren 'yarsa Atikatu. Gidan Malam Yusif tsohon gida ne a Salaga, kakanninsu fataken goro ne da suka zo suka zauna, har Hausarsu ba irin ta tasha ba ce. Malam ya tambaye shi asalinsa da sana'arsa, sannan ya ce, "An ce ka yi sukuwa a Bawku. Ka ci?"

Sumani ya ji ƙarar awarwaro a bayan labule, ya san wa ke saurare. Ya tuna malmalar Lamisi, guda biyu kullum har wata biyu. Ya ce, "Na ci, Malam. A filin nan na ci ba sau ɗaya ba."

Ya sha gaya wa kansa cewa bai yi ƙarya ba, ai ci ci ne, laifin Hausa ne da ta ba tuwo da nasara kalma ɗaya. Amma ya san abin da mai awarwaro ta ji. Baƙo ne a lokacin, ba gida ba dangi, ba shi da abin nunawa sai wannan dokin, kuma ya tabbata a ransa saboda shi Atikatu ta yarda. Shekara ashirin da takwas suna tare, yana sonta so na gaske, yana kuma tsoron ranar da za ta gane gwanin da ta aura daga miya aka tsamo shi.

Ranar ta zo a cikin aljihun Iliasu direba, a ƙarshen daminar 1988. Wasiƙa ce daga ɗansu Nashiru, malamin makaranta a Pusiga. Matarsa ta sauka lafiya a gidan iyayenta da ke zangon Bawku, namiji ne, suna ranar Talata, kuma sunan kakansa za a sa masa.

Bikin auren Nashiru a Salaga aka yi shi, ɗaurin auren kuwa da aka yi a Bawku wakili Baba Sumani ya aika, ya ce gwiwa ce. Yanzu ma ya fara dafa gwiwar tun kafin a gama karanta wasiƙar.

"Zan shafa maka man kaɗanya," in ji Atikatu. Doguwar mace ce mai magana a hankali, wadda ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba, ba a kuma taɓa ganin ta fasa abin da ta yi niyya ba.

"Tasha fa, Atika? Wa zai rubuta fasinja?"

"Yaronka Imoro zai riƙe biro, Baba," in ji Iliasu daga bakin ƙofa. "Ya iya rubutu tun bara."

"Maigida, takwaranka ne," ta ce. "Kuma shekara ashirin da takwas ina jin tuwon Lamisi da kunne. Wannan karon da baki zan ji shi. Ka nuna mini kwanar nan, ka nuna mini sandar."

Iliasu ya kama tari, har sai da ya fita waje.

Suka tashi ranar Lahadi a tsohuwar Bedford ɗin Iliasu, su biyu a gaba kusa da direba. Baba Sumani ya shirya dabararsa tun daga gida: zai cika mata ciki tun a hanya har ta ƙosa da maganar abinci. A Bimbila ya sauka da kansa, gwiwa ta warke na ɗan lokaci, ya zagaya bayan masallaci ya dawo da doyar Abibatu a ganye. Atikatu ta ci yanka biyu, ta yaba, ta miƙa wa matan da ke baya sauran.

Sun shiga Yendi ana saura kaɗan azahar. Ya ja ta da sauri ta cikin kasuwa, ta gaban masaƙa, har rumfar Salimatu. Wasawasar tana nan baƙa-baƙa tana tururi, da man kaɗanya da albasa da yaji a kai. Salimatu ba ta taɓa ganinsa ba, amma da Iliasu ya ce wannan ne bukman na Salaga, sai ta share benci da gefen zanenta, ta ce rabin masu cin abincinta shi ke aiko su.

"Ina za ku haka da Mma?" ta tambaya.

"Bawku," in ji Atikatu.

"Bawku? To lalle sai kun ci a Suma..."

Tari ya sake kama Iliasu, mai ƙarfi wannan karon. Salimatu ta dubi direban, ta dubi Baba Sumani, ta koma kan tukunyarta tana gyara wutar da ba ta buƙatar gyara. Baba Sumani ya ce wa Iliasu ya nemi citta da zuma, tarin nan ya fara yawa.

Ya sa aka ƙaro wasawasa, ya aika aka sayo tubani, yana ci yana huɗuba.

"Ni a ganina, Atika, duk ƙasar nan babu kamar abincin Yendi. Bawku suna ne kawai. Na ji an ce ma tuwonsu ya lalace, yanzu da garin masara suke yi."

"Wa ya gaya maka?"

"Mutane."

"Ranar Alhamis ɗin nan na kawo maka abinci tasha, na tarar kana rantse wa wani mai albasa cewa babu kamarsa."

"Ban so in karya masa zuciya ba ne."

Ta ture kwanon gabansa. "Cinye, Maigida. Ni ina ajiye cikina."

Sun kwana a gidan wani ɗan'uwan mahaifinta. Da safe, kafin mota ta cika, suna zaune a kan benci suna shan koko, ya yi niyyar ya faɗa mata kawai a huta. Ya ce, "Atika, akwai wata magana game da dokin nan." Ta juyo ta dube shi, ido cikin ido, fuskarta a sake, irin kallon da take yi masa duk lokacin da ya kai wurin tsawon doki uku. Sai ya ji ba zai iya ba. Ya ce, "Farin gashi yake da shi a ƙafar hagu. Ban taɓa gaya miki ba."

"Ka gaya mini," ta ce. "Sha kokonka."

Daga Yendi zuwa Bawku tafiyar yini ce. A Gushegu bai yi maganar fura ba, a Garu suka wuce masu zabo yana kallon ɗaya gefen. Iliasu ya ce tun da yake tuƙi bai taɓa ganin wannan ba, ya tambaya ko a tsaya a asibiti. Da suka gangaro dutsen Nakpanduri ƙasa ta buɗe a gabansu, jar ƙasa da kukoki da jakuna, sai Baba Sumani ya leƙa ta taga ya kasa ɗauke ido. Ya yi kewar wurin nan, bai taɓa yarda ya faɗa wa kansa ba.

An yi suna lafiya ranar Talata da safe. Aka yanka rago, wanzami ya yi aski, aka miƙa wa Baba Sumani takwaransa ya yi masa addu'a. Ya lura tsofaffin unguwa suna riƙe hannunsa fiye da yadda gaisuwa ke buƙata, suna dubansa da fara'a mai yawa, amma ya ɗauka mutuncin surukai ne. Ya fara sa rai hidima za ta cinye yinin, gobe su kama hanya. Sai ga Atikatu da hantsi ya ɗaga, ta yafa mayafinta, ta tsaya a kansa.

"Ban ci naman suna ba," ta ce. "Tashi ka kai ni."

Nashiru ya ce zai raka su, uwarsa ta ce ya zauna da baƙinsa, ai ubansa ɗan gari ne.

Ɗan gari ya ɓata sau biyu. Inda ya san gonar gyaɗa ya tarar da layin shaguna, inda ya san tudun mata ya tarar da injin niƙa yana ta ƙara. Suka bi wani lungu suka fito wani, har ya hango ɗorawa guda ɗaya a tsakanin katangar makaranta da rumbun albasa. Ya tsaya. Biyun an sare su. Jar ƙasar da dawaki goma sha ɗaya suka jeru a kanta gidaje ne yanzu, da kwata a tsakaninsu, da awaki kwance a inuwa.

Ya kamata ya yi murna, ga shi abin da ya roƙa ya samu. Amma baƙin ciki ne ya zo masa. A nan ne kaɗai a duniya ya taɓa zama siriri mai sauri, kuma an gina ɗakuna a kai ba wanda ya gaya masa.

"Kin gani," ya ce, muryarsa ba daɗi. "Babu filin. Rumfar ma ta tafi tare da shi. Mu koma."

Atikatu ta tsayar da wata mata mai tallar tumatir. "'Yar'uwa, don Allah ina rumfar Lamisi mai tuwo?"

"Lamisi? Wane Lamisi? Lamisi ya yi yawa a garin nan," in ji matar da Hausarta ta kasuwa, wadda ba ta raba mace da namiji.

"Ta filin sukuwa."

"A'a, Mma, ka ce Sumani Ya Iso mana. Ka bi bayan rumbun albasan nan, za ka ga doki."

Matar ta wuce da farantinta. Baba Sumani ya tsaya kamar an dasa shi. Atikatu kuwa ta riga ta yi gaba, dole ya bi ta.

Rumfar ba ta zana ba ce yanzu, ɗaki ne na bulo da kwano, da bencina shida cike da mutane. A saman ƙofa akwai allo babba, an rubuta SUMANI YA ISO da jan fenti. Atikatu ajami take karantawa, ba ta yi boko ba, kuma na ɗan lokaci wannan ya ba shi fata. Sai ya ga zanen. Doki ne ya kafe ƙafafu, ga mutum a sama yana tafiya a iska da hannuwa a buɗe, hularsa tana binsa a baya, ga tukunya tana jiransa. Wannan ko jariri Sumani aka kawo zai karanta.

Atikatu ta daɗe tana kallon allon. Shi kuma ƙasa yake kallo.

"Dokin nan ja ne," ta ce. "Ba ka ce akawali ba ne?"

"Akawali ne," ya ce a hankali. "Mai fentin bai san komai ba."

Wata mata mai jiki, Amamatu 'yar Lamisi, ita ce ke kan tukwane. Ta ce su shigo akwai wuri. A can ciki, kusa da murhu, wata tsohuwa tana zaune a kujerar tsuguno tana tsinke ganyen ayoyo a tire, idanunta sun yi fari. Da ta ji muryarsa sai hannunta ya tsaya.

"Wa ya ce akawali?"

Ta karkata kunne wajen ƙofa.

"Shekara nawa ina gaya musu dokin baƙi ne, ba mai ji. Wanda ya san wannan a yau ko ni, ko mai hawansa." Ta ajiye tiren. "Sumani, ka iso?"

Masu cin tuwo suka yi dariya, don a Bawku haka ake ce wa duk wanda ya faɗo gida daidai lokacin da ake kwashe abinci. Sai suka ga mutumin da ke bakin ƙofa ba ya dariya, ya cire hula yana murza ta. Dariyar ta tsaya. Wani dattijo ya miƙe da miya a hannunsa ya ce, "Shi ne? Shi kansa?"

"Ni ne, Iya," in ji Baba Sumani. "Na iso."

Aka matsa musu a benci. Mutane suka bar kwanukansu suka zo gaisuwa, wani ya leƙa waje yana kiran maƙwabta. Kowa yana da labarin, har waɗanda ba a haifa ba a lokacin. Wani ya ce ubansa yana kan ɗorawa ya ga komai, wani ya ce an gaya masa sau uku mahayin ya juya a sama. Lamisi ta ce sau ɗaya ne, kada a ƙara wa mutum abin da bai yi ba.

"Kuma kana gaba," ta ce. "Tsawon doki uku. Ni na fi kowa kusa, na gani. Ban taɓa ganin gudu irin na ranar nan ba, har na manta ina riƙe da ludayi."

Baba Sumani ya dubi mutanen da suka kewaye shi. Ya yi tambayar da ta shekara talatin a cikinsa. "To wa ya ci?"

Dattijon ya ce dokin sarkin fawa ne. Wani ya ce a'a, wani Bamoshe ne daga Pusiga. Suka fara gardama, Lamisi ta raba su.

"Wa ya kalli sanda? Kowa nan yake kallo. Tsohon sojan ma usur ɗinsa faɗuwa ya yi. Da ba don kai ba, yaran yanzu ba za su san an taɓa sukuwa a nan ba. Kuma duk wanda ya zo daga Salaga ya ce bukman ne ya aiko shi, sai in ce a ƙara masa nama."

Sai a lokacin lissafin ya zo masa. Shekara da shekaru yana aiko mutane nan da bakinsa, suna zama a ƙarƙashin allon nan, suna komawa Salaga su ce masa tuwo ya yi daɗi. Iliasu da tarinsa. Imoro. Limamin tasha, da ya zo Bawku sau biyu. Yana cewa sauran kun sani, ashe kuwa sun sani.

Amma duk waɗannan ba su ne damuwarsa ba. Ya juya wajen matarsa, ya rage murya yadda ita kaɗai za ta ji.

"Atika, abin da na gaya wa Malam a zaure ranar nan..."

"Maigida," ta ce, "a gidanmu ana ba baƙo 'ya ba a aika garinsu an bincika ba? Kafin Baba ya yi maka tambayar nan, Kawu Osman ya riga ya zo Bawku ya dawo. A nan ma ya ci abinci. Ya ce mutanen kirki ne suka haife ka, kana salla, ba ka ɗauke-ɗauke, sai dai ka taɓa faɗawa miya."

Ya ajiye hular a kan gwiwarsa, ya zuba mata ido.

"Baba ya tambaye ka ne ya ji yadda za ka yi. Da ka fita ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Ya ce yaron nan bai yi ƙarya ba, bai kuma faɗi gaskiya ba, aikin tasha zai karɓe shi."

"Kin sani, kika yarda?"

"Saboda shi na yarda. Masu dawaki sun zo nemana, biyu ma. Na ce mutumin da ya yi wata biyu bai saɓa wurin cin abincinsa ba har dokinsa ya haddace hanya, idan na iya miya, ba zan taɓa fita neman inda yake ba." Ta gyara mayafinta. "Shekara ashirin da takwas, ka taɓa saɓa lokacin tuwona?"

Bai taɓa ba. Ko ranar da aka yi juyin mulki aka hana fita, ta bayan gidaje ya bi ya iso kafin a kwashe.

"To me ya hana ki gaya mini?"

"Kai ma ba ka gaya mini ba. Kuma ina son jin Tangarahu yana gudu. Da na yi magana da ka daina."

Kunya ta kama shi, daɗi ya kama shi, ya rasa wanda zai fara ji. Idanunsa suka kawo ruwa, ya ce hayaƙin murhun nan ya yi yawa. Amamatu ta ce gawayi suke amfani da shi, uwarta ta ce ta yi shiru.

Lamisi ta laluba ta karɓi ludayin daga hannun 'yarta, ta miƙe da ƙyar, ta tsaya a tsakanin tukwanen biyu.

"Ranar nan ce kaɗai ka zo filin nan ka tafi ba ka ci ba," ta ce. "Na yi maka tambaya, ba ka amsa mini ba. Ayoyo ko kuɓewa?"

Baba Sumani ya share fuska da hularsa, ya yi tunani kamar yadda maganar ta cancanta.

"Ayoyo, Iya. Ki ɗan zuba kuɓewar a gefe."

Aka kawo tuwon yana tururi, na gero ne, ba masara a cikinsa. Atikatu ta ɗauki buta ta zuba masa ruwa ya wanke hannu, ta tura kwanon gabansa.

"Ci, Maigida," ta ce. "Yau ina nan. Duk wanda ya tambaye ni a Salaga, zan ce da idona na ga ka ci a filin sukuwar Bawku."

Ya yi bisimilla ya sa hannu. Malmala uku ya ci, ita kuma tana zaune a gefensa tana ƙara masa miya.